Highlander ta fi ƙarfin aljihuna, in sayar in koma Corolla?

Baban Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya min gaskiya ko da ɗaci. Ina da Highlander 2005 mai fulogi shida, shekara bakwai ke nan tana hannuna. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, da naira dubu 14 nake cika mata tanki. Yanzu sai na ajiye sama da dubu 60. Jiya a gidan mai na ce wa yaron ya zuba na dubu 10, na tayar da ita, allurar ko motsi ba ta yi ba, har sai da na leƙo na duba ko da gaske ya zuba. Albashi kuwa kun san yadda yake. Tunanina in sayar da ita in sayi Corolla ko Vibe. Matsalar ita ce 'ya'yana biyar, ga uwarsu, kuma sau biyu a wata muna zuwa gida Ringim gaida Hajiya.

Ɗan Gayu: Yallaɓai daga Highlander zuwa Corolla? Me 'yan unguwa za su ce? Gobe za ka ji ana cewa Baban Iman ya karye.

Maman Ilham: 'Yan unguwar ne za su zuba masa mai? Ka ji min yaro. Mu tun ƙarshen 2023 maigidana ya rabu da Pilot ɗinsa ya sayo Yaris. Kwana biyu ina jin nauyin fitowa daga cikinta a gidan biki, ba zan yi ƙarya ba. Sai na lura rabin matan da nake jin kunyarsu a adaidaita sahu suka zo, manyan motocin nasu suna gida an lulluɓe da tamfol.

Ɗan Gayu: Anti ai wasa nake. Ni ma roba-roba nake hawa yanzu.

Alhaji Mai Motoci: Wa'alaikumussalam Baban Iman. Ni sana'ata ce, bari in gaya maka abin da za ka tarar a kasuwa kafin ka yanke shawara. Tunanin nan da ka yi, dubban mutane sun riga ka yin sa. Duk mai mota mai fulogi shida yana son ya rabu da ita, duk mai zuwa saye kuma tambayarsa ta farko ita ce, tana shan mai? A da sai mutum ya zagaya mota ya duba fenti da kujerun fata, yanzu murfin inji yake fara ɗagawa ya ƙirga fulogi. Akwai wata ML350 a filina, wata takwas tana zaune, ƙura kawai muke gogewa. Corolla kuwa ko Matrix ko Vibe, in ta kwana uku ba a ɗauka ba to akwai abin da ke damunta.

Sannan ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Da dala ake sayo mota, da farashin dala ake lissafin kuɗin fito na kwastam. Shi ya sa Beljiyam ta yi wa mutane nisa, kowa ya dawo kan wadda aka hau a gida. To taka za a taya ta da arha, wadda kake so kuma ta yi tsada. In taka lafiyayyiya ce ƙila ka samu miliyan biyar da rabi. Corolla 2006 mai kyau, wadda ba a taɓa sauke injinta ba, ka shirya miliyan bakwai. Ka ƙara la'ada da canjin takardu da gyare-gyaren da ba a rasawa.

Baban Iman: Ikon Allah. Wato in sayar da babba in yi ciko in sayi ƙarama?

Alhaji Mai Motoci: Haka kasuwar take, ranka ya daɗe.

Hauwa Akanta: Baban Iman, kilomita nawa kake yi a wata? Ba a iya ba ka shawara sai da wannan.

Baban Iman: Kai yara makaranta, ofis, ɗauko su, Islamiyya da yamma, kamar 40 a rana. Da zuwa Ringim zai kai 1,200 a wata.

Hauwa Akanta: To mu yi lissafi a fili. Mu ce motarka tana yin kilomita 6 da lita ɗaya a cikin gari. Lita 200 ke nan a wata. Mu ɗauka lita naira 900 don sauƙin lissafi, dubu 180. Corolla in ta yi kilomita 10 da lita, za ka sha lita 120, dubu 108. Ragin dubu 72 ne a wata. In cikon da za ka yi da komai da komai ya kai miliyan biyu, sai ka yi wata 28 kafin ka mayar da kuɗinka. Daga nan ne za ka fara cin riba. In kuwa bashi za ka ci ka yi cikon, sai ka ƙara da nauyin bashin.

Ban ce kar ka canza ba. Wanda yake yin kilomita 3,000 a wata, kamar masu Bolt, cikin shekara guda ya mayar da kuɗinsa, shi babu ma wata shawara. Wanda kuma daga gida sai masallacin Juma'a sai kasuwa, sayar da babbar motarsa asara ce kawai. Kai kana tsakiya.

Usta Garba Ƙofar Ruwa: Hajiya lissafinki daidai ne amma a kan "mu ce" kika gina shi. Wa ya auna? Yallaɓai, ka taɓa auna abin da motar nan take sha, ko allura kawai kake kallo?

Baban Iman: Allura nake kallo Usta, da kuma aljihuna.

Usta Garba Ƙofar Ruwa: To ga yadda za ka yi. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da lissafin tafiya na jikin mita zuwa sifili. Ka yi harkokinka na kwana huɗu ko biyar, ka koma famfon da ka sha a farko ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ka ƙona. Ka raba kilomita da ita.

Dalilin da ya sa na ce haka, motoci da yawa da ake kawo min ana cewa suna shan mai, ba girman inji ne ya jawo ba, mu bakanikai ne muka lalata su, in faɗi gaskiya ko a kaina. Mota tana zuwa daga waje sai a ce ai ƙasarmu da zafi, a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa. Injin ba zai taɓa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar motar kuma tana ganin har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara mai. Ga indomin cikin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, wani a wajen gyara ake sace masa bai sani ba, wani shi da kansa yake sayarwa. Ga sensar da ke auna hayaƙi ta mutu shekara uku, fitila tana ci a gaban direba, an liƙe ta da baƙin salatif don kar ta dame shi. Ga baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta masa 5W-30 a kan murfi. Ga taya ba iska. Ga ɗumama mota minti goma sha biyar kowace safiya kamar ana dafa wake, alhali motocin nozul ba sa bukatar haka, na zamanin kafireto ne.

In ka sayi Corolla da aka yi wa irin wannan aika-aikar, an gudu ba a tsira ba.

Sale Direba: Usta ya gama magana. Ni Sharon nake ja daga Unguwa Uku zuwa Kaduna. Abu ɗaya zan ƙara, ƙafa. In na tsaya a 100, da in na taka 140, bambancin man da zan sha a zuwa da dawowa ya isa kuɗin cefanen gidana na yini. Fasinja suna ta mita wai ba na gudu, na ce wanda yake sauri ya ƙara kuɗi. Kuma Yallaɓai ka sani, ƙaramin inji in ka danna masa mutum bakwai da buhun shinkafa da esi, shi ma sha zai yi, don sai ka nitsa totur kafin ya ja.

Maman Ilham: Malam Sale wannan gaskiya ne. Mu yaranmu uku ne shi ya sa Yaris ta ishe mu. Biyar kam ban san yadda za a yi ba.

Ɗan Nima: Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Ni dariya nake in na ji 'yan Nijeriya suna kiran Corolla ƙaramar mota. A nan mai Corolla babban mutum ne. Tun 2015 gwamnati ta cire hannunta daga sa farashin mai, kowane sati biyu yana iya canzawa, saboda haka mun daɗe da horuwa. Ku zo ku ga masu Uber da Bolt, daga Vitz sai Kia Morning sai i10, injin lita ɗaya ko ɗaya da ɗigo biyu. In na zo Kano ziyara sai in ga malamin makaranta da Camry mai fulogi shida, in ce lallai mai ya yi wa mutanen nan arha.

Ɗan Gayu: Ka kawo Kia Morning ɗin taka unguwarmu da damina mu gani. Rami ɗaya zai haɗiye ta.

Ɗan Nima: Mu ma muna da ramuka ɗan'uwa, kewaye su muke yi.

Isufu Maraɗi: Ku bari mu ma mu sa baki, don tallafin naku mu ma mun sha shi shekara da shekaru. A Maraɗi da Damagaram wa ke zuwa gidan mai a da? Wurin 'yan ruwa-ruwa kowa ke saye, a kwalba, man Nijeriya ne da ya ƙetaro ta Jibiya ko Maigatari, ya fi na matatarmu ta SORAZ arha. Da aka cire tallafi sai kwalbar ta yi tsada, kowa ya koma gidan mai. A 2024 gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba kaɗan a lissafinmu na nan, inda sefa biyar ce dala ɗaya. Amma matatar ganga dubu 20 take tacewa a rana, ba ta isar kowa in babu na ƙetare, shi ya sa a watan Maris na 2025 muka sha layi. Mu nan masu tsofaffin Starlet da ƙananan Corolla su ne suka yi dariya. Da yawa kuma sun ajiye mota sun koma kabu-kabu.

Malam Tukur: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Abin da ke faruwa da mu ya faru da Amurka shekara hamsin da suka wuce, kuma labarinsu yana da alaƙa da motar da ke ƙofar gidan Baban Iman.

A watan Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai, zamanin Sarki Faisal na Saudiyya, suka hana sayar wa Amurka mai. Ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Amurkawa a lokacin motocinsu kamar jirgin ruwa suke, fulogi takwas. Sai ga layi a gidajen mai. Gwamnatinsu ta ƙayyade gudu zuwa mil 55 a sa'a a 1974, a 1975 kuma ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu tsimin mai. A wannan tsagar bangon ne Japan ta samu wurin shiga da Civic da Corolla. Mu kuwa a lokacin kuɗin ne ya zubo mana, zamanin Gowon, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975.

Amma da mai ya sake yin arha, sai suka koma gidan jiya, aka shiga yayin manyan jif-jif. A 2008 galan ya haura dala 4, a watan Mayun shekarar Civic ta fi kowace mota kasuwa a Amurka, har ta doke a-kori-kurar Ford da ta shekara da shekaru tana kan gaba. Farashi ya sauka, suka sake komawa manya. A 2018 Ford ma cewa ya yi zai daina sayar da akasarin ƙananan motocinsa a can.

Abin da nake so ku lura da shi, mu ba mu zaɓar mota daga kamfani. Abin da Ba'amurke ya saya shekara goma ko sha biyar da suka wuce, lokacin da mai yake masa arha, shi ne yake isowa Legas ko Kwatano. Shi ya sa Highlander da Sienna da Pilot suka cika mana titi, kuma muka iya riƙe su saboda gwamnati ce take biyan wani kaso na man. Ƙananan da muke nema yanzu ba su da yawa a inda muke sayowa.

Hauwa Akanta: Baba Malam Allah ya ƙara ilimi. Amma ai an ƙara kuɗin mai a 2012 da 2016, me ya sa ba a ga wannan guje-gujen ba?

Malam Tukur: 'Yata, a Janairun 2012 Jonathan ya kai shi 141 daga 65, aka yi zanga-zanga ya dawo 97. Mutane suka koyi cewa in an yi ihu yana sauka. A Mayun 2016 Buhari ya kai shi 145 daga 86 da kobo hamsin, ya yi ciwo amma ana iya jurewa. Wannan karon daga ƙasa da 200 ya haura 500 a mako guda, ya kai 617 a Yuli, ya wuce 1,000 a Oktoban 2024. Mutum ba ya sayar da motarsa don mai ya tashi, sai ranar da ya fid da rai zai sauko.

Ɗan Gayu: Ai matatar Dangote ta fara, zai sauko.

Alhaji Mai Motoci: Ya ɗan sauko, amma wanda ke jiran ya koma 200 zai daɗe a tsaye. Ɗanyen man da farashin duniya ake lissafa shi ko da a naira aka biya.

Injiniya Bashir: Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci gas. Baban Iman, me zai hana ka sa wa Highlander tukunyar CNG? Ka riƙe motarka, ka riƙe kujerunka bakwai, abin da za ka kashe a kowace kilomita bai kai rabin na fetur ba. Ni a Abuja nake, shekara guda ke nan da na mayar da Camry ta, kuma fetur ɗin yana nan, maɓalli kawai nake dannawa in gas ya ƙare.

Sale Direba: Injiniya ka faɗi sauran. Awa nawa kake yi a layi? Kuma a Abuja kake. Shi da zai je Ringim a ina zai sha? Sai bututun nan na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya fara kawo gas sosai sannan mu yi wannan maganar. Tun 2020 ake aikinsa.

Injiniya Bashir: Layi kam akwai, ba zan musa ba. Da asuba nake zuwa.

Usta Garba Ƙofar Ruwa: Kuma ba zai riƙe kujeru bakwai ba. A Highlander in ka ɗaga kujerun baya, abin da ya rage na but bai fi a ajiye jakar makaranta ba, ina tukunyar za ta zauna? Sannan duk mai son sawa don Allah ya je wurin waɗanda aka tantance. Gas ɗin mota ba irin na girki ba ne, matsinsa ya ninka sau da yawa. Wadda ta fashe a gidan gas a Benin a Oktoban 2024, tukunyar ƙirar masu walda ce.

Maman Ilham: Innalillahi. Ni dai ba za a sa min tukunya a bayan yarana ba.

Injiniya Bashir: Hajiya tankin fetur ma a ƙarƙashin kujerarsu yake.

Ɗan Nima: Prius fa? Ko ita ma ramin zai haɗiye ta?

Usta Garba Ƙofar Ruwa: Prius a cunkoson gari babu kamarta, don a danja injin kashe kansa yake. Amma wadda za ta iso hannunmu ta shekara goma sha, batirinta ya gaji, ga zafin watan Afrilu. Kafin ka saya ka tambayi kuɗin batirin, kuma ka tabbata akwai mai gyaranta a garinku wanda ba a kanka zai koya ba.

Baban Iman: Na gode ƙwarai jama'a, kaina ya ɗauki zafi amma na ƙaru. Zan fara da awon da Usta ya ce.

*Bayan mako uku*

Baban Iman: Na dawo da rahoto. Awon farko, kilomita 212, lita 43. Bai ma kai 5 a lita ba, ashe lissafin Hajiya Hauwa sassauci ta yi min. Na kai ta aka sa na'ura. Babu tamostat, fanka a haɗe kai tsaye, sensar hayaƙi ɗaya ta mutu, fulogin kuwa tun wanda na saye ta da su ne. Da aka leƙa salansa, wayam, babu indomi, kuma wallahi ban san ranar da aka cire ba. Na canza abin da zan iya, indomin na bar shi sai na samu hali. Na daina ɗumama ta da safe, na sauke wasu bulo biyu da jarkar ruwa da suka fi shekara a but. Awo na biyu, kilomita 230, lita 35.

Hauwa Akanta: Kilomita 6 da rabi ke nan. Daga lita 243 a wata ka dawo wajen 183. Ka rage kusan dubu 54 ba tare da ka sayar da komai ba. Amma ka lura, Corolla har yanzu za ta rage maka wasu dubu 56 a kan haka.

Ɗan Gayu: Ba girin-girin ba dai ta yi mai. To yanzu sayarwa za a yi ko a'a?

Baban Iman: Mun zauna da uwargida. Ta ce in na sayi Corolla, in faɗa mata wanne daga cikin yaran za mu riƙa bari a gida ranar zuwa Ringim. Don haka Highlander tana nan, amma ta zama ta Ringim da asibiti da biki. Na yi magana da maƙwabcina da yaranmu suke makaranta ɗaya, shi yana da Vibe, zai riƙa kwasar ƙananan uku da nasa biyu, ina ba shi kuɗin lita 10 duk mako. Manyan biyu makarantarsu kusa ce. Ni kuma ina neman babur Haojue mai kyau na zuwa ofis.

Alhaji Mai Motoci: Ka hana ni la'ada ke nan. Ba komai. In ka canza shawara ML ɗin nan tana nan, zan yi maka sauƙi.

Sale Direba: Yallaɓai in za ka hau babur ka sayi hular kwano, masu adaidaitan Kano ba sa kallon madubi.

Usta Garba Ƙofar Ruwa: Kuma kar ka bar motar ta yi sati biyu ba a tayar ba, batir zai mutu. Ka kawo ta ranar Asabar in duba maka iskar tayoyin, na manta ban tambaye ka ba ko masu facin unguwarku da geji suke aunawa ko da yatsa.

Baban Iman: Da yatsa, Usta. Sai na zo.